Bado a tabkunan Damagaram: tambayoyin da ake yawan yi da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da ke ta maimaituwa a bakin masu lambu, masunta, malaman makaranta da ɗalibai a Damagaram da kewayenta, duk sa'ad da aka tada zancen bado da tabkunan da yake rayuwa a cikinsu. An fara da masu sauƙi, sannan aka shiga masu zurfi.

Wane tsiro ne bado, kuma iri ɗaya ne?

Bado tsiron ruwa ne mai faffaɗan ganye zagayayye da ke kwanciya a saman ruwa, da tsaga guda ɗaya daga baki zuwa tsakiya. Gindinsa na can cikin laka a ƙasan tabki, dogayen karare masu taushi ne ke kawo ganye da fure sama. Wanda aka fi sani a ƙasar Hausa shi ne mai farin fure da rawaya a tsakiya, wanda masana ke kira Nymphaea lotus. Bakin ganyensa na da ƙananan haƙora, kuma in ka juya ganyen za ka ga jijiyoyi sun fito raɗau a bayansa.

Akwai kuma ƴan'uwansa masu fure shuɗi-shuɗi, waɗanda bakin ganyensu ya fi santsi. Hanya mafi sauƙi ta rarrabe su ita ce lokaci. Farin yakan buɗe da dare, ya rufe da hantsi in rana ta ɗaga. Mai shuɗin kuwa da rana yake buɗewa. Shi ya sa wanda ke zuwa tabki da azahar kaɗai zai iya rantsuwa cewa farin bado bai yi fure ba bana, alhali kullum da asuba tabkin fari fat yake. Kada a haɗa shi da kainuwa: ita kainuwa yawo take a kan ruwa, saiwarta ba ta kama ƙasa, bado kuwa inda ya kafu nan yake.

A wane irin wuri yake fitowa a jihar Damagaram?

Abu uku yake nema: ruwa mai daɗi wanda ba ya gudu, laka mai taushi a ƙasa, da rana. Ba ya son zurfi sosai, ba ya kuma son inda ruwa ke janyewa cikin ƴan makwanni. Saboda haka wurinsa ɗan tsiri ne tsakanin gaɓa da tsakiyar tabki, kuma tsirin nan matsawa yake yi kowace shekara gwargwadon ruwan da aka samu.

Irin wannan wuri a jiharmu ya fi yawa a kudu da gabas: kwarin Korama da fadamunsa wajen Kance, Matamaye, Magarya da Miriya, da manyan tabkuna irin na Gidimuni da Lasuri. Birnin Zinder kansa a kan dutse yake zaune, ruwan saman da yake samu a shekara bai cika wuce milimita 400 da wani abu ba, shi ma cikin wata uku zuwa huɗu. Abin da rana da iska ke ɗauka daga saman tabki a wannan yanki kuwa ya haura mita 2 a shekara. Duk tabkin da ka ga ya kai bazara da ruwa, to ko dai yana da zurfi, ko kuma ruwan ƙasa ne ke ciyar da shi. Inda kanwa ta yi yawa, bado kan ja baya yayin da ruwa ke raguwa yana ƙara gishiri.

Tabki yakan ƙafe ƙurmus da rani. Ta yaya bado ke dawowa da damina?

Ta hanya biyu. Ta farko ita ce dunƙulen da ke gindinsa. Tun ruwa na nan yake tara abinci a cikinsa, in ruwa ya janye ganye su bushe, dunƙulen ya kwanta cikin laka har ruwa ya dawo, kamar yadda gaiwa ke yi. Wanda ya taɓa tona busasshiyar lakar tabki a watan Afrilu ya san yadda samanta ke tsattsagewa, amma ƙasa kaɗan akwai sauran sanyi da laima. A nan yake.

Ta biyu ita ce iri. Furen yakan buɗe dare da dare na ƴan kwanaki, ƙwari su shiga su ɗauki garin fure daga wannan zuwa wancan. In ya gama, sai karan ya lanƙwashe ya ja shi ƙarƙashin ruwa, a can ɗan ke nuna. In ya fashe, ƙananan ƙwayoyi masu ɗimbin yawa su taso su yi ɗan yawo a saman ruwa, daga baya su nutse cikin laka. Duk wannan na bukatar watanni. In ruwan tabki ya ƙare kafin ɗa ya nuna, kafin kuma dunƙule ya cika, bana an yi asara. Shekara ɗaya ba komai, don akwai ajiya a ƙasa. In abin ya jera shekaru, ajiyar ƙarewa take. A riƙe wannan, domin kusan duk amsoshin da ke ƙasa a kansa suka dogara.

Shin bado na cikin tsirran da ke fuskantar ɓacewa a duniya?

A'a. Ƙungiyar IUCN, wadda aka kafa a 1948 kuma take da mazauni a ƙasar Suwizalan, ita ke riƙe da jerin halittun da ke cikin haɗari tun 1964. Jerin na da matakai, daga wanda ya ɓace gaba ɗaya, zuwa wanda ya ɓace a daji sai a hannun masu kiwonsa, zuwa matakai uku na haɗari, har ƙasa ga waɗanda ba a damu da halinsu ba. Farin bado a wannan mataki na ƙarshe yake. Dalili kuwa a fili yake: yana ko'ina a Afirka mai zafi, daga Senegal har Masar da Madagaska.

To in haka ne, mene ne abin damuwa?

Wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a nan. Jerin IUCN tambaya ɗaya yake amsawa: shin wannan iri zai ƙare a doron ƙasa? Ba ya ƙirga tabki-tabki. Bado zai iya ɓacewa daga kowane tabki na ƙasar Damagaram, matsayinsa a takarda bai motsa ba, saboda yana nan birjik a kogin Kwango da tabkin Biktoriya. Amma macen da ke tara ƴaƴansa a ƙauyenta ba Kwango za ta je ba.

Kuma tabkunanmu ba a haɗe suke ba. A bakin babban kogi, in bado ya mutu a nan, ambaliya za ta kawo iri daga can. Tabkin da ke tsakiyar tudun rairayi kuwa, tsakaninsa da na kusa da shi tafiya ce mai nisa, sai dai in tsuntsun ruwa ya ɗauko iri. Saboda haka in ya ƙare a irin wannan tabki, dawowarsa da kansa na da wuya ƙwarai.

A ganina bai kamata kalmar nan ta "ba a damu da halinsa ba" ta sa mu sakankance ba. Bado ba ya tafiya shi kaɗai. Ƙananan karfasa da tarwaɗa a inuwar ganyensa suke ɓuya. Akwai tsuntsu mai dogayen yatsu da ke tafiya a kan ganyen yana kiwo, har ƙwai yake sakawa a kan tsirran da ke saman ruwa. Agwagin daji irin su kirinjijiya a irin wannan ruwa suke sauka. Tabkin da bado ya bari, yawanci ruwansa ne ya lalace, kuma mai lambu da masunci su ne na gaba da za su ji a jikinsu.

Me ke kawar da shi daga tabki?

Babban abu shi ne cikewar tabki da yashi. Inda aka sare itace da ciyawar da ke kewaye, iska da ruwan sama sai su kwaso ƙasa su zuba a ciki. Tabki ya rage zurfi, ruwa ya riƙa ƙarewa da wuri, laka kuma ta binne a ƙarƙashin rairayi. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun bar tudu da yawa tsirara, kuma tabkuna da dama daga lokacin suka fara cikewa. Shekarar ruwa mai yawa ma ba lallai ta zama alheri ba. A daminar 2024, wadda ta rusa tsohon masallacin unguwar Birni a Zinder a watan Satumba, kowa ya ga irin ƙasar da ruwa ke iya ɗauka in ya zo da ƙarfi. Irin wannan ruwa yana cika tabki, amma da yashinsa yake zuwa.

Sai injin ban ruwa. Ba wanda zai ce mai lambu ya bar tumatir da albasarsa su bushe saboda fure, ni ma ba zan ce ba. Amma injuna da yawa a kan ƙaramin tabki na iya rage wa ruwa wata guda ko fiye, kuma watan nan shi ne wanda ɗan bado ke nuna a cikinsa (duba amsar yadda yake dawowa da damina). Akwai kuma ɗibar laka don bulo da tubali, wadda ke kwashe dunƙule da iri gaba ɗaya in an kankare ƙasan tabkin baki ɗaya. Akwai maganin ciyawa da wankin tulun feshi a bakin ruwa. A cikin gari kuwa shara ce da leda da ruwan kwata, sannan cike gefen tabki a yi gini.

Kachalla fa? An ce ita ke cinye tabkuna.

Gaskiya ne, kuma ta cancanci amsa tata. Kachalla doguwar ciyawar ruwa ce da kan wuce tsayin mutum, irinta mara nauyi ne iska ke ɗauka, saiwarta kuma tafiya take a ƙarƙashin laka tana fidda sabbin karare. Tana son ruwa mara zurfi wanda ba ya ƙafewa, musamman in takin zamani daga lambuna na gangarowa cikinsa. Ka ga ke nan tabkin da yashi ya rage wa zurfi ya zama nata. In ta kafu sai ta rufe rana, bado ya rasa inda zai shimfiɗa ganye, jirgin masunci ya rasa hanya, jan baki kuma ya sami wurin kwana kusa da gonakin hatsi. Maƙwabtanmu na fadamar Haɗeja da Nguru sun sha wannan wahala bayan da madatsun Tiga da Challawa suka canza yadda ruwa ke zuwa yana komawa.

Ƙona ta ba ya kashe ta, don saiwar na ƙasa. Abin da ke aiki shi ne a yanke ta a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse. Ta cikin karan take shaƙar iska zuwa saiwa, in ruwa ya rufe bakin sai ta shaƙe. Aiki ne mai wuya, na gayya, kuma sai an maimaita. Abin da aka yanka ba asara ba ne: ana shinge da rufi da tabarma da shi, a Senegal da Muritaniya ma har gawayi ake yi da ita.

An taɓa samun wani irin bado da ya ɓace da gaske?

An samu wanda aka daina ganinsa a daji shekaru da dama, kuma labarinsa ya nuna yadda abin ke faruwa. A 1987 wani masanin tsirrai Bajamushe, Eberhard Fischer, ya gano bado mafi ƙanƙanta a duniya a Mashyuza, kudu maso yammacin Ruwanda. Ganyensa kan iya zama santimita 1 kacal. A damshin laka yake fitowa, inda ruwan wata maɓuɓɓuga mai ɗumi ke malala. Wajen 2008 aka karkatar da ruwan don noma, lakar ta bushe, aka daina ganinsa. Ba wanda ya nufe shi da sharri, ruwa kawai aka juya.

Abin da ya cece shi shi ne ƴan tsirran da aka ajiye a lambun bincike na Bonn a Jamus. A 2009 Carlos Magdalena na lambun Kew a Ingila ya gano yadda ake tada shi daga iri, bayan ya lura cewa shi wannan ba ya son a nutsar da shi, laka mai laima yake so da iska a kan ganye. A 2023 aka sake ganinsa a daji a Ruwanda. Namu bai kai wannan hali ba, amma hanyar iri ɗaya ce: ruwa ake taɓawa, tsiro ya tafi.

Na ji ana cewa Gidimuni da Lasuri suna cikin Ramsar. Me wannan ke nufi?

Ramsar gari ne a Iran inda aka sa hannu a kan yarjejeniyar kare fadamu da tabkuna ranar 2 ga Fabrairun 1971, shi ya sa ake bikin ranar dausayi ta duniya a wannan rana kowace shekara. Nijar ta shiga a 1987, yanzu tana da wurare 14 a jerin dausayin da yarjejeniyar ke karewa. Tabkin Lasuri ya shiga a 2005, na Gidimuni kuma a 2019 tare da na Madarunfa a jihar Maraɗi.

Shiga jerin ba ya nufin an hana noma, su ko shayar da dabbobi. Alkawari ne ƙasa ta ɗauka cewa za a ci moriyar wurin ba tare da an kashe shi ba. Ba shinge ba ne, ba kuma kuɗi ne da ke zuwa da kansu ba. Amfaninsa shi ne mutanen wurin sun sami abin kafa hujja in za su nemi a yashe tabki, a kafe tudun rairayi ko a yaƙi kachalla. Ƙananan tabkunan ƙauye, waɗanda su ne mafi yawa, ba sa cikin kowane jeri.

Ana cin bado? Ɗibarsa ba ta rage shi?

Ana ci, tun kaka da kakanni. Ana shanya ƴaƴan a fidda ƙwayar, a daka ta ta zama gari ko a dafa ta haka nan, dunƙulen kuma a dafa ko a gasa. A shekarun yunwa ya tsayar da ran mutane da yawa a Sahel, kuma har yau a kwarin kogin Senegal da Sudan ta Kudu abinci ne sananne. Wannan kaɗai ya isa dalilin kula da shi a ƙasar da damina ba ta da tabbas.

Tsinkar ƴaƴa ba ta cika yin illa ba muddin an bar wasu su fashe a ruwa. Tonon dunƙule shi ya fi nauyi, tunda shi ne ajiyar baɗi. A ɗauki manya, a mayar da ƙanana cikin laka, kada kuma a tone gefe ɗaya shekara da shekaru. Bado da ya fito a tabkin da kwata ko maganin feshi ke shiga, kada a ci shi.

Ba shi ke kawo tsargiya da sauro ba?

Ba shi ke kawo su ba, amma akwai alaƙa, kuma bai dace a ɓoye ta ba. Ƙwayar tsargiya na bi ta jikin wasu ƙananan dodon koɗi na ruwa, su kuwa suna son maƙalewa a bayan ganyen tsirran ruwa, har da na bado. Sai dai dodon koɗin ba ya ɗauke da cutar sai mai ita ya yi fitsari a ruwan. Tumɓuke bado ba zai raba tabki da su ba, don suna rayuwa a jikin kachalla da sauran ciyayi, har da leda. Abin yi shi ne a hana yara fitsari da wanka a tabki, a share ciyayi a mashaya da wurin wanki kaɗai, duk wanda ya ga jini a fitsarinsa kuma ya je asibiti, akwai magani. Sauron zazzaɓi kuwa ya fi hayayyafa a ƙananan kududdufai da ramukan bulo da sawun shanu, inda babu kifin da zai cinye ƴaƴansa.

Wa ke da ikon hana a lalata tabki?

Dokar ruwa ta 2010 ta ɗauki ruwan tabkuna na halitta a matsayin dukiyar jama'a, dokar makiyaya ta wannan shekarar kuma ta tabbatar musu da hanyar kai dabbobi ga ruwa. Tun 1993 dokar karkara ta tanadi kwamitocin filaye, waɗanda yanzu ake da su har matakin ƙauye, kuma su ke da hurumin shata iyakar tabki da burtali. Saboda haka in ana cike tabki ko ana noma har cikin ruwa, a fara da mai gari da kwamitin filaye, sannan ofishin magajin gari da ma'aikatan gandun daji.

Amma abin da na fi ganin yana ɗorewa shi ne yarjejeniyar da masu amfani da tabkin suka ƙulla da bakinsu: ga inda za a ɗebi laka, ga mashayar dabbobi, ga gefen da ba a taɓawa, ga lokacin da za a rage injuna. Manoman Damagaram da Maraɗi sun riga sun nuna za a iya. Da sassaben zamani, wato barin tohon itace ya girma a gona, suka mayar da gawo da sauran itatuwa a kan kadada kusan miliyan 5, ba tare da dashe ba. Itacen nan da ke tudu shi ke tare yashin da aka yi maganarsa a amsar abin da ke kawar da bado.

Za a iya mayar da shi tabkin da ya ɓace, ko a shuka shi a gida?

Za a iya, in an fara gyara abin da ya kore shi. In har yanzu ruwan na ƙarewa da wuri ko kachalla na nan, wahalar banza ce. In an gyara, a samo dunƙule kaɗan daga tabki mafi kusa, da izinin mutanen wurin, a binne a laka a farkon damina inda ruwa zai kai gwiwa zuwa ƙugu. A wanke su sosai kafin a kai, don kada a ɗauko dodon koɗi ko irin kachalla. Kada a kawo tsiron ruwa na ado daga wata ƙasa a zuba a tabki. Tsiron nan mai yawo a kan ruwa mai shuɗin fure (ba bado ba ne) da ya addabi kogin Isa a Yamai daga Kudancin Amurka ya fito, kuma don ado aka fara yawo da shi a duniya.

A gida, rabin ganga ko babbar randa ta isa. A sa laka a ƙasa, ruwa kamar santimita 30 zuwa 50 a kanta, a ajiye inda rana ke samu, a sa ƙananan kifi saboda sauro. Ruwan sabulu ba ya yi. A garin da ake sayen ruwa a jarka, kowa ya auna ƙarfinsa tukuna.

Ni malamin makaranta ne. Me ni da ɗalibaina za mu iya yi?

Malam, ku riƙe littafi. Ku zaɓi tabki ɗaya kusa da ku, ku rubuta ranar da ya cika, ranar da ganyen bado ya fara bayyana, ranar fure na farko da launinsa, da ranar da ruwa ya ƙafe. Ku je da sassafe, saboda dalilin da aka faɗa a amsa ta farko. Ku kafa sanda mai alama a wuri ɗaya don auna zurfi, ku ɗauki hoto da waya daga wuri guda kowane wata, yara kuma su tsaya a gaɓa, kada su shiga ruwan.

Ku kuma zauna da tsofaffin garin, mata musamman, ku tambaye su tabkunan da ake ɗibar bado a da, da shekarar da aka daina, da yadda ake sarrafa shi. Ku rubuta sunan kowane tabki yadda mutanen wurin ke kiransa. Kwafi ɗaya ya zauna a makaranta, ɗaya a kai wa ma'aikatan gandun daji, ɗaya kuma ga masu nazarin tsirrai da ƙasa a Jami'ar André Salifou ta Zinder.